Wasiƙa: Takardar gwajin kashi ba lasisin shan Flagyl ba ce

Assalamu alaikum Edita,

Da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Dan Allah fili nake nema a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda muke ɗaukar gwajin bayan gida idan mutum yana gudawa, musamman yanzu da damina ta kankama, masu kawo kashi lab wata ran har sun so su kamo masu gwajin maleriya yawa. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta shi ne sana'ata tun safe har yamma, saboda haka masu karatu a yi min afuwa, za a ambaci kashi da majina da mugunya a wasiƙar nan babu sakayawa, wanda yake cin abinci ya gama tukuna sai ya karanta.

Abin da ke faruwa kusan kullum shi ne, mutum ko ɗansa ya kwana yana zawo, da safe a ɗebo kashi a kawo mana, mu duba mu rubuta a takarda cewa an ga ƙwayoyin mugunya, wato abin nan da ake rubutawa pus cells da alamar tarawa ɗaya ko biyu ko uku a gaba. To daga nan maimakon takardar ta koma wajen likita sai ta zarce kemis ɗin bakin layi, yaron kemis ya kalle ta ya girgiza kai ya ce ai infekshan ne ya yi yawa, ya ƙullo Flagyl da Cipro, wani har da kafso ja da yalo a kai, shikenan an gama asibiti. Babu wanda ya tambaya sau nawa yaron ya zaga, ko yana shan ruwa, ko idonsa ya faɗa, ko ya yi fitsari tun jiya. Takarda ta yi magana kowa ya yi shiru, alhali mu da muka rubuta ta mun san ba abin da ta faɗa kenan ba.

Gudawar da ƙwayoyin cuta ke kawowa kala biyu ce idan za a raba ta a sauƙaƙe. Akwai ta ruwa tsululu, wadda ƙwayar cutar ba ta huda bangon hanji sosai, sai dai ta zauna a ƙaramin hanji ta saki dafi ko ta lalata saman fatar wajen, hanjin ya dinga tsiyayo ruwa kamar an buɗe famfo. Nan ne kwalara take, da rotabairos ɗin da ke addabar yara ƙanana, da wani nau'in E. coli mai dafi, da Giardia. Sai kuma ɗayar, wadda ƙwayar take kutsawa cikin naman babban hanji ta yi masa rauni ya kumbura, ita ce mu Hausawa muke cewa atini, kashi ɗan kaɗan-kaɗan da majina da jini, ga murɗar ciki ga zazzaɓi, mutum ya tsuguna yana ta nishi ba abin da ke fita, ya tashi kuma ya ji kamar bai yi ba. Masu wannan aika-aika su ne Shigella, wadda wani likitan Japan Kiyoshi Shiga ya gano a 1897, da Campylobacter da Salmonella da kuma amiba. Ita Shigella ƙwaya 10 zuwa 100 kacal sun isa su kwantar da mutum, shi yasa take zagaye gida ɗaya bayan ɗaya ta hannu da buta da ƙuda.

To idan hanji ya ji rauni irin wannan jiki yana turo fararen ƙwayoyin jini wajen, wasu su faɗo cikin kashi, su ne ƙwayoyin mugunyar da muke nema a madubi. Aikin kansa ba wani wahala gare shi ba. Za ka sa tsinke ka lakato daidai wajen majinar ko wajen da ya yi ja, ba tsakiyar kashin ba, ka ɗora a ɗan gilashi, ka ɗiga shuɗin ruwan nan mesilin bulu, ka gauraya ka rufe da siririn gilashi ka ba shi minti biyu zuwa uku ya kama. Idan ka leƙa za ka ga ƙwayoyin sun fito zagaye-zagaye, cikin kowacce akwai ɗan ƙullutu da ya rabu gida uku ko huɗu ya sha shuɗi. A atinin Shigella na gaske wallahi ba sai ka nema ba, fili guda za ka ga sun cika shi maƙil sun haɗu da jajayen ƙwayoyin jini har ba ka ganin komai a bayansu. A kashin mai kwalara kuwa, wanda yake kamar ruwan wankin shinkafa, sai ka zagaye gilashin kaf ba ka ga ko ɗaya ba, kuma shi ne mai iya mutuwa kafin la'asar. Wannan hanyar tun 1972 wasu likitocin Amurka su uku, Harris da DuPont da Hornick, suka wallafa bincike a kanta ta yaɗu a duniya, kuma har gobe tana da ɗan amfaninta, ban ce a jefar da ita ba.

Amma fa abin da take gaya maka ɗaya ne tak: akwai kumburi a hanji. Kamar ka shigo unguwa da daddare ka tarar ’yan sintiri sun cika layi da fitilu, ka san dai an yi wani abu, amma ganinsu bai gaya maka ɓarawo ne ko gobara ko faɗan ma'aurata ba. Ƙwayoyin nan ba su ɗauke da sunan wanda ya kira su. Shigella za ta kawo su, Campylobacter za ta kawo su, kuma maganin da ya fi dacewa da wannan ba lallai shi ne na waccan ba. Salmonellar da ake samu a gurɓataccen abinci irin kaza da ƙwai ita ma tana kawo su, alhali ga babban mutum mai ƙarfin jiki yawanci da kanta take warkewa, antibayotik ma kan sa ya daɗe yana zubar da ƙwayar a bayan gida. Akwai kuma Clostridium difficile, wadda shan antibayotik barkatai ɗin ne ma yake buɗe mata ƙofa, kaga an je kashe wuta an ƙara mata fetur kenan idan aka ƙullo wa irin wannan mara lafiyan wani Cipro. Sannan akwai ciwon kumburin hanji na dindindin irin su Crohn da alsar babban hanji waɗanda ba ƙwayar cuta ce ta kawo su ba sam, su ma takardarsu haka za ta fito. Na sha ganin mutum yana dawowa wata bayan wata da takarda iri ɗaya, ya shanye Flagyl har bakinsa ya koma ɗanɗanon ƙarfe, jini bai tsaya ba, kuma babu wanda ya ce masa malam wannan ya wuce kemis, je ka a leƙa hanjinka da na'ura. Dattijo ɗan sama da hamsin da ke ganin jini a bayan gida makonni yana ramewa, wannan sai an kore zancen ciwon daji, ba a ce basir ne ko amiba a wuce wajen ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne idan muka rubuta ba a ga komai ba sai mutane su ɗauka lafiya lau. Ba haka ba ne. Su fararen ƙwayoyin nan ba sa jimawa, da zarar kashi ya sha iska ya ɗau zafi sai su fara fashewa. Yanzu ka duba yadda samfur yake zuwa mana. An ɗiba tun asuba, an sa a kwalin ashana ko a ƙulla a baƙar leda ko ledar fiyawata, an jira maigida ya dawo daga masallaci ya karya, an hau adaidaita an sha go-sulo, an bi layin kati, sai wajen azahar ya iso teburina, kwalin ya shanye ruwan kashin ya bushe ƙamas. Wata uwar kuma famfas ɗin za ta naɗo gaba ɗaya, shi kuwa famfas aikinsa kenan tsotse ruwa, ya tsotse majinar da nake nema ya bar min dusa. Wani an kwaso daga ƙasa da yashi a ciki, wani ya gauraya da fitsari, wani daga fo ɗin da aka wanke da omo ko Izal. Me zan gani a wannan? Zan rubuta ban gani ba, kuma ban yi ƙarya ba, amma yaron yana da atini.

Don haka iyaye mata, tunda ku ne kuke wannan hidimar, ga yadda ake so. A karɓi ’yar robar nan mai murfi da ɗan cokali a lab tun kafin a ɗiba. Yaro ya yi a fo mai tsabta busasshe ko a shimfiɗa leda mai kyau, jariri kuma a juya famfas ɗin baibai ko a sa leda a ciki. A ɗebo wajen da ke da majina ko jini, kamar cokalin shayi ɗaya ya wadatar, ba sai an ciko roba ba dan Allah. A kawo da ɗuminsa, cikin awa ɗaya, idan ma amiba ake zargi to cikin rabin awa ya fi. Kuma a gaya mana gaskiya idan an riga an fara ba shi magani, ba faɗa za mu yi ba.

Ko da samfurin ya zo da kyau ma akwai cututtukan da ke zubar da jini ba tare da mugunya mai yawa ba. Amiba tana narkar da fararen ƙwayoyin da suka zo yaƙarta, sai ka ga jini da yawa su kuma ’yan kaɗan. Sai kuma wani nau'in E. coli mai dafin Shiga, wanda ke sa kashin jini sosai da ciwon ciki amma sau da yawa babu zazzaɓi, shi wannan likitoci suna gudun ba shi antibayotik ne ma saboda ana tsoron ya ƙara haɗarin lalacewar ƙoda, musamman ga yara. Irinsa ne ya ɓarke a Jamus a 2011, ya kama mutum wajen dubu 4, sama da 800 ƙodarsu ta taɓu, sama da 50 suka mutu, daga baya aka bi sawu aka danganta abin da tsiron hulba da aka shigo da irinta daga Masar. Ƙasa kamar Jamus da duk kayan aikinta sai da ta yi makonni tana lalube har aka fara ɗora wa kokwambar Sifen laifi. To ina ga yaron kemis da ya kalli alamar tarawa biyu ya yanke hukunci cikin sakan biyar.

Bari in juyo kanmu mu ma'aikatan lab, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Maganar amiba. Duk wanda ya saba karɓar sakamakon kashi a garuruwanmu ya san da wuya takarda ta fito ba a rubuta an ga ƙwan Entamoeba histolytica ba, har ya zama kamar hatimi. Gaskiyar magana ita ce akwai wata ’yar uwarta mai suna Entamoeba dispar da ke zaune a hanjin mutane da yawa ba ta cutar da kowa, kuma a madubi kamarsu ɗaya sak, babu idon da zai raba su komai ƙwarewarsa. Wani masani Bafaranshe Emile Brumpt ya faɗi haka tun 1925 ba a saurare shi ba, sai a 1993 aka tabbatar da cewa jinsi biyu ne daban, kuma mara cutarwar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, su kansu fararen ƙwayoyin jinin, musamman manyan nan masu haɗiye datti, sabon hannu yana iya ɗaukarsu a matsayin amiba. Sai a samu yaro mai Shigella an rubuta masa amiba, a ba shi Flagyl wanda ba ya taɓa Shigella ko kaɗan, kwana uku jini na zuba ana jiran magani ya yi aiki. A yara ƙanana Shigella ce kan gaba wajen kawo atini, amiba ba ta cika kama su ba. Abin da zai sa in rubuta amiba da ƙwarin gwiwa shi ne in ga mai rai tana miƙa ƙafa tana tafiya a gilashi da jajayen ƙwayoyin jini a cikin cikinta, wannan kuwa sai kashi mai ɗumi. In ba haka ba kamata ya yi mu rubuta sunayen biyu tare mu bar likita ya auna da halin mara lafiya. Kuma ko amibar gaske ce Flagyl kaɗai ba ya share ƙwan da ke kwance a hanji, ana bin sa da wani maganin kamar paromomycin ko diloxanide, wanda ban cika ganin ana rubutawa ba.

Yanzu kuma ga sabon yayi ya shigo manyan lab na kuɗi, gwajin laktoferin da na kalfurotektin. Mutane suna tambayata a kansu saboda sun gani a intanet ko wani ɗan uwa a waje ya ce a yi. Dukansu sinadarai ne da ke cikin fararen ƙwayoyin jinin nan, hikimar ita ce ko ƙwayar ta fashe sinadarin yana nan a kashin, saboda haka matsalar jinkiri ta ragu kuma ba a dogara da idon mai dubawa ba. Na laktoferin ɗin su Richard Guerrant na jami'ar Bajiniya ne suka fito da shi a 1992, ya fi madubi kamawa, amma yana da wani babban cikas a wajenmu: nonon uwa cike yake da laktoferin. Jaririn da ke shan nono gwajinsa zai iya nuna akwai kumburi alhali nonon da ya sha ne kawai ya fito, su kuwa masu shan nonon su ne rabin masu zawon da muke gani. Shi kuma kalfurotektin wani ɗan Nowe Magne Fagerhol ne da abokan aikinsa suka fara bayyana shi a 1980, yana jure kwanaki a kashi bai lalace ba, ga manya yawanci ƙasa da maikirogiram 50 a kowane giram na kashi ake ɗauka lafiya. Inda ya yi suna shi ne wajen bambance mai ciwon kumburin hanji na dindindin da mai rikicin ciki kawai, da bibiyar ko magani yana aiki, a nan kam gwaji ne mai kyau. Amma jarirai lafiyayyu nasu a sama yake tun asali, masu shan diclofenac da ibuprofen kamar gyaɗa, waɗanda ba su da iyaka a cikinmu, nasu ma yana hawa, haka yaran da suka taso inda ruwa da masai ba su da tsabta sau da yawa hanjinsu na ɗauke da ɗan kumburi ko ba sa zawo. Kuma duk tsadarsa amsar da zai ba ka ita ce dai waccan, akwai kumburi, ba zai faɗi sunan ƙwayar ba. Ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka a ƙa'idojin da ta fitar a 2017 ta faɗa ƙarara cewa kada a yi amfani da gwajin fararen ƙwayoyin jini na kashi ko laktoferin wajen gano musabbabin gudawa, shi kuma kalfurotektin ta ce hujjar da ake da ita ba ta isa a ba da shawara a kansa ba. Su da suke da kuɗin yi kenan. Ni dai a ganina magidancin da ke lissafin kuɗin cefane bai kamata a sa shi ya biya wannan saboda zawon kwana biyu ba.

Gwajin da ke faɗin suna shi ne shuka, wato kalca. A shafa kashin a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta a sa a na'urar ɗumi, washegari a ga abin da ya tsiro, a ware wanda ake zargi a tantance shi, sannan a jera masa ’yan ƙananan takardun magunguna a ga wanne ne yake kashe shi. Kwana biyu zuwa uku ake yi. Idan wajen da nisa akwai ’yar kwalba mai sinadarin Cary-Blair da ake tsoma samfur a ciki ya isa da ransa, don Shigella ba ta da juriya, tana mutuwa a hanya. Na san uzurin da za a kawo kuma gaskiya ne, na'urar ɗumi tana son wuta awa 24, NEPA ta ɗauke janareto ba mai, farantan sun yi tsada, Campylobacter ma sai an yi mata yanayi na musamman wanda ƙananan lab ba su da shi. Amma rashin yin shukar ne ya sa muke harbi a duhu. Septrin da ampicillin da a da suke maganin atini yanzu a wurare da yawa Shigella ta daina jin su, Cipro ɗin ma da ake taƙama da shi an fara samun masu bijire masa a ƙasashe da dama musamman Asiya, mu kuma muna ta rabawa kamar alewa ga masu zawon ruwa da ba sa buƙatarsa. Ba kowane mai zawo ne ke buƙatar shuka ba, amma mai jini a kashi, mai zazzaɓi mai zafi, wanda ya sha magani kwana biyu ba sauƙi, mai tamowa, mai cutar da ta karya garkuwar jiki, da lokacin da aka ga mutane da yawa a unguwa ɗaya sun kwanta, waɗannan sun cancanta. Wanda zawonsa ya kai kwana 14 shi kuma a nan madubi yake da rana sosai, don a nemi Giardia da ƙwan tsutsotsi da na tsargiyar hanji, da Cryptosporidium wadda sai an yi mata rini na musamman ake ganinta, in likita bai rubuta a nema ba ba za a gani ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara ma ba a ce a jira lab ba. Tambaya ce ake yi wa uwa: akwai jini a kashin? Idan ta ce eh, ma'aikacin lafiya zai ɗauke shi a matsayin atinin Shigella ya ba da ciprofloxacin na kwana 3 gwargwadon nauyin yaron, a dawo a sake dubawa in ba sauƙi. Idan babu jini, ruwa ne kawai, to ba antibayotik sai in kwalara ake zargi ko akwai wata cutar daban. Kaga idon uwa a nan ya riga madubina. Sai dai a lura, jariri da ke ƙwalla ƙara yana naɗe ƙafa lokaci-lokaci yana amai, kashinsa ja mai yauƙi, wannan yana iya zama hanji ne ya shige cikin hanji, aikin tiyata ne na gaggawa, ba a kai shi kemis ba kuma ba a tsaya neman robar kashi ba.

Zan yi adalci in faɗi inda tsarin nan yake da giɓi. Akwai wani babban bincike da ake kira GEMS da aka yi a wurare bakwai, Gambiya da Mali da Kenya da Mozambik da Indiya da Bangaladash da Pakistan, aka wallafa a 2013, ya nuna ƙwayoyi huɗu ne ke kan gaba wajen zawo mai tsanani a yara: rotabairos, Cryptosporidium, E. coli mai dafi da Shigella. Da aka sake duba samfuran a 2016 da na'urar da ke gano ƙwayar halitta, sai aka ga rabon Shigella ya fi yadda aka zata, kuma da yawan yaran da ta kama babu jini a kashinsu, zawon ruwa suke yi. To waɗannan yaran tambayar jini ba za ta kamo su ba. A nan ne nake ganin gwajin kumburi mai araha, irin na tsinke kamar na maleriya, zai iya yin rana wata ran idan masana suka daidaita shi da yaranmu masu shan nono. Amma wannan aikin masu bincike ne, bai zama hujjar abin da ake yi yau a bakin layi ba.

Kafin duk wannan dogon turancin, abin da ke kashe mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara ’yan ƙasa da shekara biyar sama da dubu 400 ne gudawa ke kashewa duk shekara. A nan gida a 2021 kaɗai alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, sun nuna sama da mutum dubu 111 da ake zargin kwalara ta kama, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohinmu na Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kwalara kuwa na riga na faɗa, gwajin mugunya fes zai fito. Ina ganin uwa zaune a benci tana jiran sakamako awa biyu, yaro a cinyarta ya yi laushi, maɗigarsa ta faɗa, leɓe ya bushe, in ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya ba ta koma ba, kuma ko kurɓin ORS, ruwan gishiri da sukarin nan, ba a ba shi ba wai kada a ɓata gwaji, ko kuma kaka ta ce haƙori ne zai wuce. ORS ba ya ɓata gwajin komai. A kaɗa ƙulli ɗaya a ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikin ledar, a fara ba shi tun daga gida da cokali kaɗan-kaɗan ko yana amai, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a haɗa da zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. Maganin tsayar da zawo irin Imodium ba na ƙananan yara ba ne, babba ma in akwai jini ko zazzaɓi kada ya sha, riƙe cutar yake yi a ciki. Rigakafin rotabairos kuma tun watan Agustan 2022 aka sa shi cikin na yara na yau da kullum a Najeriya, ɗigo ne a baki kuma kyauta, maƙwabtanmu Nijar sun riga mu tun 2014.

Roƙona ga likitoci da sauran masu rubuto mana gwaji, dan Allah ku dinga rubuta mana ko layi ɗaya ne a takardar, shekarun mara lafiya, kwana nawa yana zawo, akwai jini ko babu, yana shan nono, ya sha wane magani. Yawancin takardun da ke zuwa suna ne kawai da sunan gwaji, wani ko shekaru babu, ta yaya zan san in nemi Cryptosporidium ko in shuka a farantin kwalara. Hukumar MLSCN da ke kula da dakunan gwaji ita ma ta dubi yadda ake rubuta sakamakon kashi, a samu tsari ɗaya, a dinga rubuta lokacin da aka ɗebi samfur da lokacin da aka duba, kuma a daina karɓar na kwalin ashana. Kai kuma Edita, in da hali ka tura wakilinka ya zaga kemis-kemis na unguwanni a wannan daminar ya tambaya, cikin masu zuwa da zawo nawa ne ake ba ORS da zink, nawa ne ake ƙulla wa Flagyl, a buga mana abin da ya samo.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, daga Kano